Faifai Takwas na Kawu

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara tara bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni lakkwal, wato makarantar boko, shi kuma ya fara sa mini turnabis a hannu ya ce in kwance bayan wata tsohuwar rediyo. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika har masu babura sunka rasa inda za su jingine.

Ina cikin gida wajen mata, amma katangarmu gajera ce, duk abin da ake faɗi a rumfar maza yana faɗowa kunnena. Kowa ya zo da alhininsa, amma da wuya ka sami mutum biyu da bakinsu ya zo ɗaya a kan aikin mamacin. Wani dattijo masunci daga Garou ya ce, "Allah shi jiƙan mai gyaran rediyo." Wani tsohon ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya ce, "Haba Baba, rediyo tun yaushe? Ai ordinata yake gyarawa." Ardon makiyayan Toumboutou ya zo da mutanensa bisa babura shida, ƙafafunsu duk taɓo. Ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Mu ba mu san sunan aikinai ba. Mun dai san muryoyin iyayenmu na hannunai, kuma bai yar da ko guda ba."

Akwai kuma wani mutum da ya ƙetaro daga Gaya cikin kwale-kwale, ya zauna bakin tabarma yana kuka da majina har liman ya dafa shi. Innata ta leƙa ta dawo ta ce mini, "Wanga kuma ɗan wa ne? Ko dangi ba su yi irin kukan ga ba." Ni na san shi, zan kuma zo kan labarinsa.

Matar Kawu ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ran uku, da anka fito da tufafinsa za a bayar, sai ta ce in laluba aljihuna tukuna. Na sami turnabis biyu da 'yar kwalbar jan farce. Mata sunka dubi juna, wata har ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa a nan nawa kukan ya ɓalle, don na san abin da yake yi da jan farcen nan. Shi ya sa na ce sai na rubuta. In ban faɗa ba, nan da shekara goma za a ce wani mai gyaran rediyo ne ya rasu, shi ke nan.

Bari in fara da na'urar, don wanda bai san ta ba ba zai gane Kawu ba. A biro, wato ofis, na wata ƙungiyar manoma da makiyaya da yake yi wa aiki nan Malanville, akwai ɗan ɗaki can baya. Cikinsa akwai babbar ordinata, wato kwamfuta, ta ajiya, wadda muke ce wa sarbar. Tana da faifai takwas jere a gabanta, kowane cikin gurbinsa kamar durowa. A cikinta akwai wani kati da ake kira RAID, aikinsa ya ɗaure faifan nan takwas su zama kamar guda, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran na riƙe da abin da ke kansa har a sa sabo. Abin da ke ajiye ciki kuwa ba na wasa ba ne. Akwai hotunan tsofaffin takardun burtali, hanyoyin da shanu ke bi tsakanin gonaki, waɗanda ambaliya ta cinye na asalinsu. Akwai kuma muryoyin tsofaffi, manoma da Fulani, da Kawu ya bi ƙauye ƙauye bisa babur ya ɗauka, daga Madécali har Garou, kowa na faɗin inda burtali ya bi a zamanin ubansa. Yawancin tsofaffin nan yau suna ƙasa.

Katin ba ya magana da mutum sai ta manhajarsa, wadda ake buɗewa bisa allon ordinata. Wallahi ban taɓa ganin abin da ke wahalar da bawan Allah kamar manhajar nan ba. Da Ingilishi take, mu kuwa da Faransanci munka yi karatu. Rubutunta ƙanana, toka-toka bisa fari. Abin da kake nema yana ɓoye can shafi na uku, abin da zai halaka ka kuwa yana nan gaba yana jiran yatsanka. Kawu yakan ce, "Wanda ya rubuta wagga aba bai taɓa tsayawa gabanta da tsoro ba. Cikin sanyi ya rubuta ta, da kofin shayi a gefe. Mu kuwa ba mu buɗe ta sai ranar da abu ya ɓaci." Ya faɗi maganar nan ya fi sau ɗari, kuma duk sanda ya faɗa sai ya yi tsaki.

Amma duk tsakin nan, ban san wanda ya san ta kamarsa ba. Ya sami wani mai sayar da tayoyi ɗan Kamba da ke jin Ingilishi, duk ranar kasuwa sai ya kai masa kalma biyar a 'yar takarda, ya zauna bisa taya kamar ɗan makaranta da furfurarsa. Da haka ya cika littafi guda: kowace kalma, ma'anarta da Hausa, da abin da ke faruwa in an danna ta. Waɗanda ke share abu ya ja musu jan layi biyu.

Jan farcen kuwa ga dalilinsa. Manhajar daga sifiri take fara ƙidayar faifai, su kuma masu ƙera akwatin daga ɗaya sunka buga lamba. To in ta ce maka na uku ya mutu, ka je ka zare wanda anka rubuta wa uku, mai rai ka zare ka bar mataccen. Biyu sun tafi ke nan, in kuwa biyu sunka tafi komai ya tafi. Sai Kawu ya bi gurbin faifan da ɗigon jan farce bisa ƙidayar manhajar: na farko babu ɗigo, na biyu ɗigo ɗaya, har zuwa bakwai. Ƙanwata ta yi ta cigiyar kwalbarta wata guda, shi kuwa yana taya ta nema.

Kuskuren nan shi ya auka wa mutumin Gaya. Ya zare mai rai, aikin bironsu na shekaru ya tafi, mai gidansa ya rantse da gangan ya yi, har yana zancen kiran jandarma. Kawu bai san mutumin ba sai sau ɗaya da sunka haɗu wajen sayen waya. Da labari ya iso shi ya hau babur ya ƙetare gada, lokacin tana buɗe. Ya shiga biron ya yi sallama, ya buɗe manhajar gaban mai gidan ya ce, "Ranka shi daɗe, ga shi ta ce na uku. Nuna mini na uku." Mai gidan ya miƙa yatsa ya ɗora daidai kan wanda ma'aikacinsa ya zare. Kawu ya tsaya yana kallon yatsan. Mai gidan ya duba allo, ya duba akwati, ya janye hannunsa a hankali ya nemi kujera ya zauna. Mutumin bai rasa aikinsa ba. Kawu kuwa ko ruwa bai tsaya sha ba, ya ce ya bar shinkafa bisa wuta, shi da ko shayi bai iya dafawa.

Bayan wannan ya fara rubuta wa kamfanin da ya yi manhajar wasiƙa. Huɗu ya rubuta, da Faransancinsa na mutanen da, yana jera musu abubuwan da ya kamata su gyara. Ko ɗaya ba a amsa ba. Na ce, "Kawu, wahalar mi kake yi? Wa zai karanta?" Ya ce, "Ba komi. Ranar lahira dai ba su cewa ba a gaya musu ba."

Shekara biyu kafin rasuwarsa yanar ido ta rufe masa gani. Yana ganin haske da giftawar mutum, amma rubutu ya tafi. Lokacin na dawo daga karatu a Paraku da takardata, ƙungiya ta ɗauke ni in riƙe sarbar. Kawu bai daina zuwa ba. Sai ya zauna bisa benci bayana, sandarsa tsakanin ƙafafu, in riƙa karanta masa abin da ke allo. Wani lokaci kafin in buɗe baki zai ce, "Sauka layi biyu, hannun hagu. Mi ta ce?" Kuma abin yana nan daidai inda ya faɗa. Tsikar jikina takan tashi. Amma ba zan yi ƙarya ba, wani lokaci yakan ishe ni. Allah ya yi ni da saurin baki, ga kuma takarda tana hura mini kai.

Farkon daminar bara tsawa ta faɗo kusa da biro da rana tsaka. Katin RAID ya ƙone. Faifan waje da muke kwafe ajiya a kai, shi ma ya ƙone, don a daidai lokacin yana jone ina cikin kwafewa. Ya rage faifan nan takwas kawai, ba mu kuma san ko suna da rai ba sai an sami sabon kati.

A satin nan ne kuma rigima ta tashi a Toumboutou. 'Ya'yan wani manomi da ya rasu sunka nome wani yanki sunka shuka gero, makiyaya sunka ce burtali ne tun kakanni. An zare sanduna, an fasa wa mutum guda kai. Mai gari ya sa ranar Alhamis a zauna. Abu ɗaya kawai ɓangarorin biyu sunka yarda da shi: a saurari abin da marigayi manomin ya faɗa da bakinsa, tunda Kawu ya ɗauki muryarsa shekarun baya. In ya ce gona ce, gona ce. In ya ce burtali ne, burtali ne. Muryar nan kuwa babu ita ko'ina a duniya sai cikin faifan nan takwas.

Sabon kati ya iso daga Kwatano cikin motar safe ranar Laraba. Ni na sa shi, cikin sauri. Na kunna. Manhaja ta fito da saƙo cewa ta ga faifan da ba ta sani ba, baƙi ne gare ta. Ƙarƙashin saƙon ga maɓalli biyu kafaɗa da kafaɗa, launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Ɗaya na nufin a karɓe su yadda suke, ɗaya na nufin a share tsarinsu. Na danna na karɓa, ta ƙi, ta jefo mini wata lamba babu bayani. Na sake, ta ƙi. Sau uku. Shugaban ƙungiya na kai da komo a bakin ƙofa, wayarsa na ta kuka, in ba Ardo ba mai gari.

Na kira wani abokin karatuna da ke aiki a Kwatano. Ya ce, "Share kawai ki sake haɗa su, kullum haka muke yi, babu abin da zai ɓace." Ya faɗa da ƙarfin gwiwa har na ji sanyi a raina. Na kai kibiya kan maɓallin sharewa.

Daga bayana Kawu ya ce, "Ɗiyata, ɗauke hannunki."

Na ce, "Kawu, gobe Alhamis! Mutumin ga sarbar goma yake riƙe da su."

Ya ce, "Ɗauke hannunki, na ce."

Nan shaiɗan ya hau harshena. Gaban shugaba, gaban sakataren ƙungiya, na juya na ce, "Kai da ba ka gani, mi ka sani cikin abin da ke bisa allon ga?"

Shugaba ya sunkuyar da kai. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya gyara sandarsa ya ce, "Gaskiya kinka hwaɗi, ban gani. Shi ya sa nike tambaya. Ta ce ta ga baƙin faifai. Nawa ta gani?"

Na duba. Na ce, "Ba ta hwaɗi ba."

"Nan ba ta hwaɗi. Koma baya. Shiga shafi na biyu, layin ƙasa, buɗe shi. Akwai wani ƙaramin rubutu a dama, danna. Yanzu ƙidaya mini."

Na ƙidaya. Na sake ƙidayawa. Na ce, "Huɗu."

"Mu nawa munka ba ta?"

"Takwas."

"To ina huɗun?"

Manhajar ba ta ce mini huɗu sun ɓace ba. Abin da ta gani kawai ta lissafa, ta ɓoye lissafin can ciki, ta bar ni da maɓallin sharewa a gaban hanci. Da na danna, da na goge tsarin rabin faifan, sauran rabin kuma ba su da amfani su kaɗai.

Kawu ya sa na kashe na'urar na zare wuta. Ya ce in kama hannunsa in kai shi cikin akwatin. Wayoyi biyu ne ke fita daga katin, kowace na ɗauke da faifai huɗu. Ya bi ta farko da yatsa har bakinta ya ce, "Wagga ta zauna." Ya bi ta biyu, ya tsaya, ya girgiza ta kaɗan. "Wagga ba ta yi ƙas ba." Ya danna da babban yatsa. Ƙas! Har shugaba da ke bakin ƙofa sai da ya ji. Ni ce na sa wayar nan da safe, ni da idona biyu.

Munka kunna. Na shiga shafin na ƙidaya da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har takwas. Maɓallan nan biyu sunka sake fitowa, kuma don ƙarin masifa manhajar da kanta ta ɗora zaɓi kan na sharewa. Kawu ya ce kada in taɓa tukuna. Ya sa anka ɗauko littafinsa, ya kira shugaba ya ce ya zo ya tsaya shaida. Shugaba ya karanto kalmar karɓa daga littafi harafi harafi, ni ina dubawa bisa allo. Sannan Kawu ya ce, "Bismillah." Na danna.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai san da jerin sunayen ƙauyuka ya fito bisa allo, sakatare ya yi kabbara, ni kuwa na sami kaina durƙushe na riƙe ƙafar Kawu ina roƙon gafara. Ya ce, "Tashi, ke. Makaho kinka ce, ƙarya kinka yi?" Sannan ya ce, "Da ta rubuta miki huɗu cikin takwas a shafin farko, da ko waya ba ki ɗauka ba. Nemo alƙalami ki rubuta, mu sa cikin wasiƙa ta biyar." Daga ranar bai sake tayar da maganar da na faɗa masa ba, ko da wasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis Kawu bai je Toumboutou ba, ya ce hanya ta yi taɓo kuma aikinsa ya ƙare. Ni da shugaba munka tafi da lasifika. An zauna ƙarƙashin wata bishiya, manoma gefe, makiyaya gefe, kowa da sandarsa kusa. Na kunna. Aka fara jin tarin tsoho, sannan muryar marigayin ta fito da harshen Dendi, a hankali. Ya ce burtali ya taso daga tsohuwar rijiya ya miƙe har gindin tsamiya, ubansa ya bar wa shanu, shi ma ya bari, 'ya'yansa ma su bari. Babban ɗansa ya cire hula ya rufe fuska da ita. Sannan ya ce, "Muryar Baba ce. Yau za mu tuge geron." Sai Ardo ya ɗaga hannu ya ce a'a, a bar gero ya nuna bana, su za su kewaya ta bayan fadama, baɗi a buɗe hanya. Na ga dattawa suna share ido da bakin rawani.

Na dawo da gudu na ba Kawu labari, ina yi ina haki, har da kwaikwayon Ardo. Ya saurara har na gama. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kin sake kwafewa?" Ban kwafe ba. Ya kore ni biro ko abinci ban ci ba.

Bayan addu'ar bakwai ta rasuwar Kawu na koma ɗan ɗakin nan na baya ni kaɗai da safe. Muryarsa nake so in ji. Na bincika sarbar daga sama har ƙasa, babu ko fayil ɗaya da sunansa. Mutumin da ya zaunar da tsofaffin ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, shi bai taɓa zama an ɗauke shi ba, ni ma kuma hankalina bai taɓa kaiwa nan ba sai da ƙasa ta rufe shi. Don baƙin ciki na buɗe wata murya haka kawai, tun daga farkonta, wurin da kullum muke tsallakewa. Sai na ji motsin riga, na ji an hura makirfo, sannan ga Kawu dab da kunnena, da ƙarfinsa: "To Baba, tana ɗauka. Hwaɗi sunanka da na ubanka."

Na buɗe ta gaba, yana nan. Ta gaba ma yana nan. Na zauna ina buɗewa ina rufewa, ina jin layinsa guda kawai, har rana ta take. Can na faɗa kan ta wata tsohuwa mai tallar nono daga Madécali. Kawu ya sassauta murya ya ce, "To Inna, tana ɗauka. Hwaɗi sunanki da na ubanki."

Kafin tsohuwar ta buɗe baki na ji nawa bakin ya amsa. Na faɗi sunana. Allah ya jiƙan mahaifina, Ya kuma yafe mini, amma sunan da ya biyo baya na Kawu ne.

Allah Ka buɗe masa idonsa a inda ya tafi, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓe shi yadda yake.